Targaɗen Da Ya Ƙi Warkewa



Sa'ad da aka bayyana cewa a kan targaɗe za mu yi magana yau, mun hangi wasu daga can baya suna murmushi, kuma mun san dalili. Wannan zaure ya saba da laccoci a kan tattalin arzikin ƙasa da makomar ilimi, sai ga shi yau an tara jama'a domin a yi musu zancen idon sahu. To, ba mu ga laifin mai murmushi ba, domin shi wannan raini da ake yi wa targaɗe shi ne rabin abin da ya kawo mu. Mu da muke aiki a sashen gashin ƙashi, da wuya mako ya wuce ba mu ga saurayi ko budurwa da suka zo suna ɗingishi a kan raunin da aka ce musu tun watanni uku ko shida da suka wuce, wai ba kome ba ne.

Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Ana ƙwallo da la'asar a filin da ke bayan ɗakunan kwana, mutum ya yi tsalle ya sauko a kan ƙafar wani. Ko kuwa an ɗauke wuta yana saukowa daga bene, ya zaci matakala ta ƙare ashe da saura ɗaya. Ko wata ma'aikaciya ta sauko daga a-daidaita-sahu da takalmi mai tsini, ta taka bakin kwata. Tafin ƙafa ya juya ciki, nauyin jiki duka ya faɗa a kan gefen waje na idon sahu. Nan da nan abokai su taru, wani ya riƙe gwiwa, wani ya kama yatsu ya ja da ƙarfi wai yana mayar da ita, a shafa man zafi. Kashegari ƙafa ta kumbura kamar an hura, a tafi wurin maɗori ko asibiti. A duba, a ce, "Alhamdu lillahi, ba karaya ba ce, targaɗe ne kawai." Kowa ya yi ajiyar zuciya, a watse. Daga wannan kalma ta "kawai" magani ya ƙare, alhali kuwa a nan ne ya kamata ya soma.

Mukan ce wa junanmu a wurin aiki, targaɗe maraya ne. Karaya tana da masu ita: maɗori ya san ta tasa ce, likitan ƙashi ma ya san ta tasa ce, dangi su zo dubiya da kwanon abinci. Amma mai targaɗe ba wanda ya ɗauke shi a matsayin majinyaci, har shi kansa. Sai bayan watanni ya lura cewa da yamma takalminsa na ƙafa ɗaya yana matse shi, ba ya iya tsugunawa sai ya ɗaga diddige, zaman tahiya ya zame masa aiki, kuma in yana tafiya a kan tsakuwa ƙafar takan zille masa ba shiri. Wannan mutum shi ne abin maganarmu yau.

Domin a gane abin da ya same shi, tilas mu leƙa cikin gaɓar. Amma tukuna sai mun warware wata matsala ta harshe. A Hausa kalmar jijiya ɗaya ce, amma tana ɗauke da abubuwa huɗu: akwai wadda jini ke bi, akwai mai kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, akwai mai haɗa tsoka da ƙashi kamar agara, sa'an nan akwai mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Wannan ta ƙarshe za mu kira ta jijiyar ɗauri, kuma ita ce targaɗe yake samu. Gaɓar idon sahu ƙasusuwa uku ne suka yi ta. Babban ƙashin ƙauri da siririn ɗan'uwansa na gefen waje sun sauko sun yi wani gurbi, wani ƙashi mai suna talus, wanda ke zaune a bisa ƙashin diddige, ya shiga cikin gurbin. Ƙulluttan nan biyu da kuke taɓawa a hagu da dama, ƙarshen ƙasusuwan ƙauri ne. A gefen ciki jijiyar ɗauri mai kauri ce ƙwarai, da wuya ta yage. A gefen waje kuwa guda uku ne sirara, kuma ta gaban ita ce mafi rauni. Shi ya sa mafi yawan targaɗe, wajen 8 cikin 10 ko fiye, a gefen waje yake faruwa, kuma in kun tambayi mai shi ina ne ke ciwo, sai ya ɗora yatsa a ɗan kwarin da ke gaban ƙullutun waje.

Jijiyar tana iya miƙewa kawai, tana iya yagewa rabi, tana kuma iya tsinkewa gaba ɗaya, duk kuwa sunansu targaɗe. Na farko mako ɗaya zuwa biyu mutum ya koma harkarsa. Na biyu yakan ci mako 3 zuwa 6. Na uku yakan kai wata 3, wani lokaci ya wuce. Jiki yana gyara ɓarnar ne daki-daki. Kwanakin farko na kumburi da zafi ne, watau jiki yana aiko da jini da ma'aikatansa su share wurin. Daga nan har zuwa wajen mako 6 yana saƙa sabon zare a inda ya yage, amma saƙar farko a hargitse take, ba ƙwari. Sa'an nan a ɗauki watanni, har zuwa shekara, ana jera zaren ana ƙarfafa shi. Abin lura a nan, zaren ba ya jeruwa sai ana ɗora masa aiki gwargwado. Ciwo kuwa yakan tafi tun saƙa ba ta yi ƙwari ba. Wannan tazara da ke tsakanin tafiyar ciwo da warkewa ta gaskiya, a cikinta ne mutane suke faɗawa. A shekarar 2016 wasu masu bincike a birnin Dublin na ƙasar Ayalan suka fitar da sakamakon bin sawun mutanen da suka yi targaɗensu na farko, suka tarar bayan shekara guda kashi 40 cikin 100 har yanzu ƙafarsu ba ta daidaita ba. Wannan fa a ƙasar da asibiti yake kusa da kowa ke nan.

Me ke sa kumburi ya daɗe? Idon sahu a ƙasan jiki yake, ruwa kuwa gangare yake bi. Abin da ke tura jini da ruwan jiki su koma sama shi ne matsawar tsokar sha-raɓa a duk takun da mutum ya yi, kamar famfo. Wanda yake lallaɓa ƙafa, yana jan ta ba ya taka ta sosai, ya kashe famfon. In kuma ma'aikaci ne mai zama a kan kujera daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 4 ƙafa a rataye, ko ɗalibin da ya kwana a ɗakin karatu, ko matafiyin da aka cusa a kujerar baya daga Kano zuwa Abuja, to da yamma sai ya ga ƙafa ta cika. Kumburin da ke saɓewa da safe ya dawo da yamma, har tsawon wata biyu ko uku bayan targaɗe mai tsanani, ba abin firgita ba ne. Amma ba a ƙyale shi, domin ruwan da ya zauna a gaɓa yana sa ta sandare, yana kuma sa tsokokin da ke kewaye su yi sanyi.

Sandarewar ita ce ta biyu. Abin da aka fi rasawa shi ne lanƙwasa ƙafa sama, watau gwiwa ta wuce gaban yatsu diddige yana ƙasa. Bature mai zama a kan kujera har a bayan gida yana iya shekara bai lura ya rasa wannan ba. Mu kuwa da muke tsugunawa a makewayi, mu tsuguna wajen alwala, mu durƙusa gaida manya, mu zauna a tabarma mu ci abinci, a ranar farko za mu gane. Rayuwarmu ta fi tasu bukatar idon sahu mai laushi, saboda haka bai kamata mu ɗauki ma'aunin warkewarsu ya ishe mu ba.

Na ukun shi ne wanda muke so ku fi riƙewa, domin shi ne ba a gani da ido, kuma hoton ƙashi ba ya nuna shi. Jijiyar ɗauri ba igiya ce kurum ba. A cikinta da cikin fatar gaɓa da tsokoki akwai ƙananan masu tsaro waɗanda a kowane lokaci suke aika wa ƙwaƙwalwa labarin inda ƙafa take da yadda ta karkata. Shi ya sa kuke iya tafiya cikin duhu ba ku kallon ƙasa. In ƙafa ta fara karkata, labari ya tafi, umarni ya dawo, tsokokin gefen waje na ƙauri su ja ta su daidaita, duk kafin mutum ya ankara. Targaɗe yana lalata wannan hanyar aike. Labari ya riƙa zuwa a makare, umarni ya dawo bayan ƙafa ta riga ta juya. Wani likitan ƙashi a Ingila mai suna Freeman shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan a 1965, suka kuma nuna cewa ana iya sake koya wa ƙafar ta hanyar tsayuwa a kan katako mai lilo. Shekaru da yawa ke nan, amma har yau a nan wurinmu in mutum ya sake targaɗe a ƙafa ɗaya sau uku sai a ce ƙafar ce ta saba, ko a ce sammu ne. Ba sabo ba ne, rashin horo ne. Kuma kowane sabon targaɗe yana ƙara goge guringuntsin gaɓar. Ciwon sanyin gaɓa na gwiwa galibi tsufa ne ke kawo shi, amma na idon sahu mafi yawansa daga tsohon rauni yake tasowa, yakan kuma kama mutum tun yana tsakiyar ƙarfinsa.

Kafin mu shiga magani, akwai tambayar da ta wajaba: shin targaɗen ne kuwa? Domin wani ciwon ya daɗe ne saboda tun farko ba a gano sunansa na gaskiya ba. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada, a ƙarƙashin jagorancin Ian Stiell, suka fitar da wasu 'yan ƙa'idoji na sanin wanda yake bukatar hoton ƙashi, kuma ana amfani da su a duniya har yau. Mai bukata shi ne wanda ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar, nan take da kuma sa'ad da ake duba shi, ko da da ɗingishi ne. Ko wanda in an danna ƙashin kansa, a bayan ƙullutun waje ko na ciki har zuwa santimita 6 sama, ya ji zafi. Ko a gindin ƙashin ƙaramin yatsa, can tsakiyar gefen ƙafa. Ko a wani ɗan ƙashi da ya turo a gefen ciki na tsakiyar ƙafa. Duk wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan a ranar da ya ji ciwo, kuma ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba, yana kuma fama har yanzu, to ya je a ɗauka. Gindin ƙashin ƙaramin yatsan nan musamman, sau da yawa yana tsagewa a yi ta jinyarsa da sunan targaɗe.

Akwai kuma waɗanda hoton ƙashi na yau da kullum yakan tsallake. In ciwon a can cikin gaɓa yake, tana ƙara ko tana kakarewa kamar an sa tsakuwa, mai yiwuwa guringuntsin talus ne ya ɓantare, kuma na'urar MRI ce ta fi nuna shi. In ciwon ya haura sama da gaɓa, tsakanin ƙasusuwan ƙauri biyu, wannan targaɗen sama ne, kuma jinyarsa takan ninka ta na ƙasa. In mutum ya ji kamar an jefe shi da dutse a baya, ya waiwaya bai ga kowa ba, yanzu kuma ba ya iya ɗage a kan yatsu, a duba agararsa, ta yiwu ta tsinke. Yaro kuwa da bai gama girma ba, wurin tsirar ƙashinsa ya fi jijiyarsa rauni, don haka kada a yi saurin kiran nasa targaɗe.

Sa'an nan ga waɗanda ba a kwana da su a gida. Sha-raɓa duka ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, musamman bayan an daɗe a kwance ko a ɗaure, ko ga mai ciki da mai jego da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa: wannan yana iya zama gudan jini a cikin jijiya, wanda in ya ɓalle ya tafi huhu yakan yi kisa. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, a tafi asibiti a wannan sa'a. Haka nan ƙafar da ta yi ja ga zazzaɓi, ko yatsun da suka yi sanyi suka dushe suka mutu. Ƙafar da ke ƙuna kamar wuta, launinta yana sauyawa, ko zane ya taɓa ta sai ihu, ita ma cuta ce dabam ta jijiyoyin saƙo, kuma tana son a kama ta da wuri. Mai ciwon sukari in ƙafarsa ta kumbura ta yi zafi amma ba ya jin ciwo sosai, kada ya yi murna, rashin ciwon shi ne haɗarin. In kuwa ƙafafu biyu ne suka kumbura tare, to a bar zancen targaɗe, a duba zuciya da ƙoda da hanta.

To, a ce an duba duk babu waɗannan. Yaya za a yi?

A 1978 wani likitan wasanni a Amurka, Gabe Mirkin, ya yayata wata dabara mai ƙafa huɗu: hutu, ƙanƙara, ɗauri, da ɗaga ƙafa sama. Duniya ta karɓa, aka yi shekaru ana koyar da ita. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ya sake tunani, domin yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Mun yaba masa, ba kowane malami ne ke iya tsayawa ya gyara karatunsa a bainar jama'a ba. Abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne, a kare ƙafar na 'yan kwanakin farko, sa'an nan a soma taka ta da motsa ta gwargwadon abin da ciwo ya bari. Ko a targaɗe mai tsanani, wani babban gwaji da aka yi a Ingila da mutum 584, aka buga a 2009, ya nuna amfanin sa ƙafa a filastar asibiti, amma na kwana 10 ne kacal, ba wata guda ba. Ƙanƙara tana nan da amfaninta na rage raɗaɗi: ruwan leda da ya daskare, a naɗe shi a tawul, minti 10 zuwa 15, kada a ɗora a kan fata tsirara. Amma wanda ya yi wata uku yana ɗora ƙanƙara yana jiran ta warkar da shi, yana ban ruwa ne a gonar da ba a shuka ba. Gashi da ruwan ɗumi, wanda iyayenmu suka fi yarda da shi, a kwana biyu ko uku na farko yana ƙara kumburi. Bayan haka ba laifi, yana sassauta gaɓa kafin motsa jiki. Mai ciwon sukari dai ya gwada zafin ruwan da hannu tukuna.

Maganin kumburin da ya daɗe shi ne a ta da famfon nan. A kwanta a ɗora ƙafa a kan matasai har ta fi ƙirji tsawo, minti 20, sau biyu ko uku a yini, ana kaɗa ta sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. Ɗora ta a kan kujera alhali mutum yana zaune bai wadatar ba. Da rana a sa safar roba ko bandeji, a fara naɗi daga gindin yatsu a haura, a kwance da dare. In yatsu suka fara tsatstsafa ko suka sauya launi, ɗauri ya yi yawa. Mai aikin ofis ya tashi kowace sa'a ya ɗan zaga, ko da zuwa kai fayil ne da kansa maimakon aiken masinja.

Wajen laushi, ga gwajin da kowa zai iya a ɗakinsa. A fuskanci bango, a ajiye ƙafa a ƙasa, a tura gwiwa ta taɓa bango ba tare da diddige ya ɗaga ba. A riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan har a kai iyaka, a auna tsakanin babban yatsa da bango, a gwada da lafiyayyar ƙafar. Yawancin mutane sukan sami wajen santimita 10. Bambancin da aka gani tsakanin ƙafafun shi ne bashin da ake bin mutum, kuma gwajin shi ne maganin: a yi ta turawa, a riƙe daƙiƙa 30, a saki, sau da yawa kullum. Zaman tahiya kuwa yana lanƙwasa ƙafa ta fuskar da ta ji rauni, saboda haka a makonnin farko mutum ya zauna yadda ya sawwaƙa, malamai sun san hukuncin mai lalura. Daga baya a koma a hankali, da ɗan tsumma a naɗe a ƙarƙashin gaɓar.

Wajen ƙarfi ba a bukatar kayan ƙasar waje. Tsohon tif na keke ya isa. A ɗaura shi a ƙafar gado, a rataya a gaban ƙafa, a riƙa tura ta waje a kan jan robar, a dawo da ita sannu, sau 15, a huta, a maimaita sau uku. Sa'an nan a dafa bango a ɗage a kan yatsu, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya, har mai ciwon ta kamo lafiyayyar a ƙidaya.

Amma uwar aikin ita ce tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. A cire takalmi, a tsaya kusa da bango saboda tsaro, a ɗaga lafiyayyar, a ƙirga 30. In ya samu, a rufe ido. A nan ne za ku ga abin mamaki: ƙaton ɗan ƙwallon da ya rantse ya warke, da ya rufe ido ko 5 ba ya kaiwa. In wannan ma ya samu, a hau kan matashi ko katifa. Daga nan a sa aboki ya riƙa jefo ƙwallo ana cafewa, sa'an nan tsalle gaba da baya da gefe, a sauka a tsaya cik. Minti 10 a yini. Wanda ya ce ba shi da lokaci, ya yi yayin da yake goge baki da asuwaki ko yana jiran ruwan shayi ya tafasa. A ƙasar Holan an gwada irin wannan horo na mako 8 a gida, a kan 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe, aka buga sakamakon a 2009. A cikin shekara guda, waɗanda ba su yi horon ba kashi 33 cikin 100 suka sake targaɗe, waɗanda suka yi kuwa kashi 22. Ba allura, ba ƙwaya, ba ko kwabo. Muna zaton rashin tsadarsa ne ma ya sa ba a daraja shi, domin mutumenmu in bai fito daga asibiti da ledar magani ba, gani yake ba a duba shi ba.

Ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi ba ne, muddin ya lafa kafin gari ya waye. In kashegari ƙafa ta fi jiya kumbura, an zarce, a rage, amma kada a daina. Mai komawa ƙwallo ko guje-guje ya sa maɗaurin idon sahu mai igiya har wata 6 zuwa shekara. Tsoron da ake yi cewa yana raunana ƙafa ba shi da tushe ga wanda yake horonsa. Kuma ba ranar da ciwo ya tafi ake komawa fili ba, sai ranar da mutum ya iya gudu, ya yi kwana da sauri, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ba tsoro a ransa. Kyaftin ɗin da ya matsa wa ɗan wasansa ya shiga saboda wasan ƙarshe ne, kofi ɗaya ya saya da ƙafar mutum.

Game da magunguna, a nan muke da ƙorafi. Farasitamol ya isa mafi yawan mutane, kada babba ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen da diclofenac da piroxicam suna rage ciwo, amma na 'yan kwanaki ne. Abin da muke gani shi ne mutum ya je kemis a ƙulla masa haɗi, biyu ko uku daga cikin dangin nan a leda ɗaya, wani lokaci har da ƙwayar sitiroyid, ya yi wata biyu yana sha, sau da yawa ba abinci a cikinsa, ga zafin bazara ga ƙarancin shan ruwa. Ƙarshenta ƙafa ba ta warke ba, ga gyambon ciki, ga ƙoda ta taɓu. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini, da mai juna biyu, kada su sha waɗannan sai da izinin likita. Na shafawa ya fi sauƙin illa. Tiramol kuwa ba shi da gurbi a jinyar targaɗe ko kaɗan, kuma duk mun san samarin da ƙofar shigarsu ke nan.

Ba za mu tashi ba mu taɓa zancen maɗora ba, kuma za mu faɗi gaskiya ta kowane gefe. Jama'a suna zuwa wurinsu ne domin suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, suna kuma taɓa majinyaci da hannu su saurare shi, abin da mu a asibiti sau da yawa layi ba ya barinmu mu yi. Tausa mai sauƙi da man kaɗanya, ana shafawa daga yatsu zuwa sama, bayan kwanakin farko, tana taimakon kumburi, mu ma muna yi. Abin da muke ƙi uku ne. Ja da murɗa da ƙarfi, domin a targaɗe ba abin da ya goce da za a mayar, sai dai a ƙara yaga abin da jiki ya fara ɗinkewa. Sai ɗauri da karare a tamke a kan ƙafar da ke kan kumbura, wanda yake iya tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan, har da na Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano tun 1959, sun san abin da irin wannan ɗauri yake jawowa, har yanke ƙafa. Na uku tsaga da sakiya, wai a fitar da mataccen jini. Baƙin da ake gani ya gangaro gefen diddige jini ne da jiki zai shanye da kansa. Fatar idon sahu kuwa siririya ce, jini bai wadace ta ba. Ga mai amosanin jini, watau sikila, wadda take da yawa a cikinmu, daidai wannan wuri ne gyambo yake kama shi, kuma tsaga ɗaya tana iya zama gyambon shekaru. Haka ma mai ciwon sukari.

Wanda ya yi mako 6 bai ga sauƙi ba, ya nemi likita ko ma'aikacin gashin ƙashi, akwai su a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha. Wanda kuma ya yi horon nan da gaske har wata 3 zuwa 6, ƙafa ba ta daina zillewa ba, akwai aikin tiyata na ɗinke jijiyar a tamke ta, wanda wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Broström ya bayyana a 1966, kuma yawancin waɗanda aka yi wa suna komawa wasa. Sai dai kaɗan ne suke kaiwa nan, kuma ko bayan tiyatar, tsayuwar nan a kan ƙafa ɗaya tana jiran mutum.

Mun ga Shugaba yana duban agogo. Kafin a buɗe fagen tambayoyi muna roƙon alfarma ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin targaɗe a cikin zauren nan, ko shekara nawa ne, ya miƙe ya cire takalmi, ya matsa kusa da bango ko ya sa maƙwabcinsa ya tsaya kusa da shi. A fara da lafiyayyar ƙafar, a rufe ido, mu za mu ƙirga. Sa'an nan a sauya.